Tambaya Kafin Na'ura: Abin da Na Koya Daga Babur ɗin Yayana a Sepang

Ina godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin wannan mako. Na san hirarmu a nan ba ta cika wuce ginin labari, ƙa'idojin rubutu da wahalar ɗab'i ba. To yau zan ɗan karkata da mu zuwa wani fage na daban, wato yadda ake zaɓa da kuma ɗaura na'urar naɗar bayanai a jikin babur ɗin da ake hawa a filin tsere. Wanda ya daure ya kai ƙarshe zai ga ban yi nisa da gida ba.

Ita wannan na'ura ɗan ƙaramin akwati ce da ake maƙalawa a jikin babur. Aikinta ta riƙa rubuta abin da ke faruwa sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa: inda babur yake, gudun da yake yi, yawan juyawar injinsa, yadda mahayi ya murɗa totur, da yadda ya matsa birki. In ya sauka, sai a zuba bayanan a waya ko kwamfuta a zauna a karanta. Masu kallon gasar MotoGP sun sha ganin wannan ba tare da sun lura ba. Da zarar mahayi ya shigo rumfa, wani zai zo da sauri ya soka waya a jikin babur. Dokar gasar ba ta yarda babur ya riƙa aiko wa injiniyoyi bayanai yana cikin gudu ba kamar yadda ake yi a tseren motocin Formula 1, sai ya tsaya sannan a kwashe. Kuma tun daga 2016 duk ƙungiyoyin gasar ƙwaƙwalwar inji iri ɗaya da manhaja iri ɗaya suke amfani da su, na kamfanin Magneti Marelli na Italiya. Ke nan babban bambanci yana wurin wanda ya fi iya karanta abin da aka naɗa.

Ni ban taɓa hawa babur ɗin tsere ba. Yayana ne ya jefa ni cikin harkar. Yana karatu a Malesiya, ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi Yamaha R25 na hannu, mai silinda biyu, ya kuma soma zuwa ranakun da ake buɗe wa masu sha'awa filin Sepang su yi atisaye. Da yake diflomata a fannin lantarki take, Injiniya yake kira na, rabi zolaya rabi gaske. Ya turo mini hotunan na'urori kusan shida, ya ce in duba in faɗa masa wadda zai saya. Akwai na AiM na Italiya, akwai na 2D na Jamus, har da na MoTeC na Ostireliya wanda manyan ƙungiyoyi ke sawa, wanda in aka haɗa shi da kayan aikinsa kuɗin zai iya tasar wa kuɗin babur ɗin kansa.

Na ce, "Yaya, kafin mu je ga wacce, me kake so ta faɗa maka?"

Ya ce yana so ya rage lokacin zagayensa, kuma ai ya riga ya san matsalarsa: yana saurin taka birki, tsoro ke sa shi kamawa tun kafin ya isa allon da sauran mahaya ke kamawa. Abin da yake buƙata kawai na'urar da za ta nuna masa mita nawa zai ƙara jinkirtawa.

Wannan magana ita ta hana ni barci. Filin Sepang yana da tsawon kilomita 5.543 da kwana 15, an buɗe shi a 1999. Yana da miƙaƙƙun hanyoyi biyu, kowacce ta doshi kilomita guda, suna kwance gefe da gefe da rumfar 'yan kallo a tsakaninsu, kwana ta 15 mai lanƙwasa kamar ƙugiya ita ta haɗa su. A ƙarshen kowace miƙaƙƙiya mahayi na isowa da iyakar gudun babur ɗinsa, sannan ya sauke shi zuwa gudun da bai wuce na cikin gari ba. A nan ne Yaya ke son ƙara jinkirta birki. A wannan fili ne kuma Marco Simoncelli ya rasu ranar 23 ga Oktoban 2011, yana da shekara 24, kuma shi gwani ne na duniya. Umma ba ta san sunan Simoncelli ba, amma duk ranar da Yaya zai je fili sai ta ƙara tsawon addu'arta. Na ƙudurta cewa in dai zai ƙara kusantar haɗari, to ya zama da hujja a hannu, kada ya dogara da abin da jikinsa ya raya masa kawai.

Saboda haka muka mayar da maganarsa tambaya: a ina lokacin ke zubewa? Wannan tambaya kuwa ba ta buƙatar na'urar miliyoyi. Abu biyu take buƙata, wuri da gudu, kuma GPS na ba da duka biyun.

Sai dai GPS suna suka tara. Na cikin yawancin wayoyinmu sau ɗaya yake ɗaukar wuri a daƙiƙa. Babur mai gudun kilomita 144 a awa yana cin mita 40 a daƙiƙa ɗaya. Wato tsakanin ɗigo da ɗigo akwai mita 40 da wayar ba ta ga komai ba, manhaja ce kawai za ta ja layi ta yi hasashe. A cikin wannan tazara mahayi zai iya sakin totur ya kama birki ba a san inda ya yi ba. Na'urar da ke ɗauka sau 10 a daƙiƙa tana rage tazarar zuwa mita 4, mai ɗauka sau 25 kuma zuwa mita 1.6. Wannan lissafin shi ya yanke mana hukunci. Muka tsaya a kan RaceBox Mini, wani ɗan akwati da bai cika tafin hannu ba, mai ɗauka sau 25, wanda ke aika bayanansa zuwa waya ta Bluetooth, manhajar RaceChrono ta karɓa ta adana. Muka ƙara da tsohuwar kyamarar da yake da ita, aka saita ta tana kallon hannunsa na dama, domin a ga lokacin da ya saki birki da lokacin da ya murɗa totur.

Ɗaurawar ma ta ɗauke mu kwanaki, ni a nan shi a can, muna yi ta kiran bidiyo. Abu na farko, GPS na son ganin sama. Wurin da ya fi saurin zuwa wa mutum shi ne kan tanki, amma a miƙaƙƙiyar hanya mahayi kwanciya yake yi a kan tankin, ƙirjinsa ya rufe na'urar daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Bayan sirdi, kan wutsiyar babur, ya fi. Roba ba ta tare saƙon tauraron ɗan'adam, amma ƙarfe na tarewa, haka ma baƙin zaren kabon da ake yin murfin wasu babura da shi. Abu na biyu, duk abin da aka manna sai an ƙara masa igiyar tsaro, domin in ya ɓalle a gudu dutse ne ga wanda ke biye. Abu na uku, wayar ba ta hawa kan babur. Kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi a 2021 cewa karkarwar injin babur mai ƙarfi na iya lalata kyamarar iPhone. Ban da wannan ma, allo mai nuna lokaci a gaban sabon mahayi jaraba ce, zai riƙa satar kallonsa a inda ya kamata idonsa na kan kwana. Aka naɗe wayar da soso aka sa ta ƙarƙashin sirdin baya. Na kuma sa shi ya tambayi masu shirya atisayen ko dokarsu ta yarda, domin a Ingila, alal misali, akwai masu shirya irin waɗannan ranaku da ke hana ɗaukar lokaci saboda sharuɗɗan inshora.

Akwai abin da na hana shi taɓawa. Ma'aunin matsin birki na cikin abubuwa mafi amfani da ake sa wa babur, amma sa shi na nufin kwance mahaɗar bututun man birki, a ɗaura ma'aunin, sannan a fitar da iskar da ta shiga. Ba aikin da ake koya wa mutum ta waya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙarfin birki ana iya hango shi daga yadda layin gudu ke gangarowa, kuma wannan ya ishe mu a matakin da muke. Haka ma'aunin shokazoba. Shi sai an naɗa ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa yake da ma'ana, sai kuma an ɗaga tayar sama ta rataya an saita masa sifili kafin a fara. Mahayin da zagayensa biyu a jere ba sa kama da juna ba zai amfana da shi ba, domin ba za a gane ko babur ne ya sauya hali ko mai shi ba. A madadinsa muka bi dabarar tsofaffin makanikan tsere: ɗaurin robar nan da masu wayarin ke zarge waya da shi, a ɗaura shi a sandar shokazoban gaba. Duk inda shokazoban ya nutse ya tura shi, nan zai tsaya, a dawo a auna. Ba ya faɗin a wace kwana abin ya faru, amma yana faɗin ko shokazoban na kaiwa ƙarshensa.

Wani abu da ya burge ni a wannan bincike shi ne batun kwanciyar babur. A mota, ma'aunin fizga na nuna yadda kwana ke jan mutum gefe. A babur ba haka ba ne, domin babur kwantawa yake yi daidai gwargwadon fizgar, har ya zama ma'aunin da ke jikinsa na ganin kamar ƙasa kawai ake danna shi. Shi ya sa ake lissafo kwanciyar daga gudu da saurin juyawar babur. Kwanciyar digiri 45 na nufin kwana na jan babur gefe da ƙarfi daidai da nauyinsa. Mahayan MotoGP kan wuce digiri 60. Na roƙi Yaya ya ɗauke idonsa daga wannan lamba gaba ɗaya. Ita ce lambar da aka fi yin alfahari da ita a tsakanin abokai, alhali mahayi biyu na iya wuce kwana ɗaya da gudu ɗaya, wanda ya fi iya zama a kan babur ya zama shi ne bai kwanta sosai ba.

Bayan atisayensa na farko da na'urar ya turo mini fayilolin. A nan ma akwai ƙa'idar da ta kamata duk mai farawa ya riƙe: a jera zanen gudu bisa tazarar da aka ci, kada a jera shi bisa lokaci. In bisa lokaci aka jera, zagaye biyu za su rabu tun daga kwanar farko, ka riƙa kwatanta kwana ta 4 ta wannan da wani wuri daban na wancan. In bisa tazara ne, kowace kwana na zaune a wurinta, sai ka ɗora zagaye a kan zagaye ka ga inda suka saɓa.

Zanen mahayin da ya ƙware, a kwana mai tsanani, yakan gangaro da sauri, ya taɓa ƙasa, ya soma hawa ba tare da dogon zama ba. Na Yaya a kwana ta 15 kamar kwarin da aka share gindinsa yake. Ya gangaro, sannan ya shimfiɗe, sannan ya hau. Da na haɗa da bidiyon hannunsa sai abin ya fito fili: ya saki birki, bai murɗa totur ba, babur na tafiya da kansa kusan daƙiƙa biyu, shi kuma yana jira ya ga bakin fita. Haka yake yi a kwana ta 14 da ke kaiwa ga miƙaƙƙiyar baya, haka a ta 9. Da na faɗa masa sai ya ce, "Haba Injiniya, ni da ke kai ban san na yi ba?" Na tura masa bidiyon da zanen a haɗe. Gani ya kori ji.

Daga nan na zauna na yi masa lissafi a takarda, kuma shi ne abin da na fi so in bar muku. Mu ɗauka yana isowa da mita 40 a daƙiƙa, yana wuce tsakiyar kwana da mita 16 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 58 a awa. Matsakaicin gudunsa a cikin birki mita 28 ke nan. In ya jinkirta birki da mita 10, ya ƙara matsawa don ya cike giɓin, abin da ya yi shi ne ya ci waɗannan mita 10 da gudun 40 a maimakon 28. Ribar wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ce kawai, kuma ya saye ta da kusantar iyakar riƙon tayar gaba. Amma in ya soma murɗa totur da daƙiƙa ɗaya kafin lokacin da ya saba, tamkar ya cire mita 16 daga tafiyar sanyin tsakiyar kwana ne ya mayar da su ƙarshen miƙaƙƙiya, inda zai cinye su cikin kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. Riba kashi shida cikin goma, ninki shida na waccan, kuma ana samun irinta a kowace kwana mai fita zuwa doguwar hanya. Abin da jikinsa ke ingiza shi ya yi shi ne mafi haɗari kuma mafi ƙarancin riba.

Dalilin da ya sa jiki ke ruɗar mutum a nan ba ɓoyayye ba ne. Birki ne ke zuwa da tsoro, da nauyi a hannu, da bugun zuciya, don haka shi ƙwaƙwalwa ke riƙewa. Daƙiƙa biyun da babur ke tafiya shiru ba su da zafi, ba su bar alama ba, sai su ɓace daga tunani kafin a cire hular kwano.

Na kuma gaya masa iyakar abin da zan iya. Zane na nuna inda lokaci ke zubewa, amma ba ya koya wa hannu yadda ake murɗa totur babur na kwance. Wanda ya fizge shi da ƙarfi a wannan hali tayar baya na iya zamewa ta sake kamawa ta cilla shi sama. Sai ya ɗauki zanen ya kai wa ɗaya daga cikin masu horarwa na filin, suka yi aiki a kan inda zai riƙa kai idonsa da yadda zai riƙa tayar da babur yana ƙara totur a hankali. A atisaye na gaba shimfiɗar nan ta ragu a zane, lokacin zagayensa ya sauka, wurin kama birkinsa kuwa yana nan inda yake.

Kayan aiki na ƙarshe da na sa shi ya saya littafin rubutu ne na ɗalibai. Bayan kowace fita yana rubuta iskar taya kafin ya fita da bayan ya dawo, ƙarfe nawa ne, rana ce ko hadari, an yi ruwa ko ba a yi ba, ya tarar da cunkoso ko fili, da abin da shi ya ji a jikinsa, kafin ya buɗe waya ya ga zane. Sepang wuri ne mai zafi da laima, ruwan la'asar na iya sauka ba sallama, kuma kwaltar safe daban take da ta azahar. Fayil ɗin da ba a san yanayin da aka naɗe shi ba, bayan wata uku ba shi da amfani. Rubuta abin da ya ji kafin ya ga zane kuma na sa ya riƙa gwada jinsa da shaidar na'ura, a hankali ratar da ke tsakaninsu na raguwa. Na kuma ja kunnensa game da wata lamba da manhaja ke nunawa, wadda take haɗa mafi kyawun kowane yanki daga zagaye daban-daban ta ce ga lokacin da zai iya yi. Sau da yawa wanda ya shiga wani yanki da mugun gudu ya ɓata na gabansa ne, don haka ba lallai su haɗu a zagaye ɗaya ba.

Yanzu tambayarsa ta sauya. Yana so ya san ko yana kai totur ƙarshe a miƙaƙƙiya da wuri, da kuma ko giyar da yake shiga kwana ta 9 da ita ta dace. Waɗannan kam GPS ba zai amsa su da kyau ba, sai an ji daga inji. Babura na zamani da yawa suna da layin da sassansu ke magana da juna ta kai, wanda ake kira CAN, kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986, kuma na'ura irin AiM Solo 2 DL na iya saurarar ƙwaƙwalwar inji ta nan in kamfanin ya san yaren wannan samfurin babur. Shi ya sa kafin a biya kuɗi ake duba jerin baburan da na'ura ta sani, har da shekarar ƙira. In babu, ana iya ɗaukar juyawar inji daga wayar kwayil. Na riga na rubuta masa sharuɗɗan wayarin: wutar na'ura ta fito daga layin da makulli ke kunnawa don kada ta shanye batir, a sa mata fis nata, wayoyin saƙo su nisanci wayar fulogi da salansa, kuma a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a tabbatar babu wayar da ke ɗamewa. Wannan karon zai kashe kuɗi, amma ya san abin da yake saye.

Abin da ya sa na kawo wannan zaure kuwa, 'yan'uwa, shi ne duk wannan aiki da Hausa muka yi shi, ni da Yaya. Totur, birki, giya, kwayil, fulogi, salansa, shokazoba, duk makanikanmu sun riga sun yi mana wannan hidima tun kafin a haife mu. Sauran kaɗan ɗin mu muka laƙaba musu suna muka wuce. Amma a littattafanmu, da zarar jarumi ya hau babur ko mota, iyakar abin da muke cewa ya fizge ta da gudu kamar zai tashi sama. Mai karatu bai ga hannunsa ba, bai san me ya tsorata shi ba, bai san me ya ɓace masa ba. Wanda duk zai rubuta labarin mahayi, ko direban tirela, ko ma'aikaciyar jinya, ya je ya zauna da masu sana'ar, ya ji abin da suke faɗa game da kansu, sannan ya tsaya ya kalli abin da hannunsu ke yi. Ya tafi da tambaya ɗaya takamaimiya, kada ya tafi da niyyar kwaso komai.

Umma ta tambaye ni ko wannan akwati zai hana shi faɗuwa. Na ce mata tsari na Allah ne, amma akwatin ya hana shi neman gudu a inda ya fi haɗari. Ta ce to Allah ya tsare, a ci gaba da sa masa.

Ina jiran gyararrakinku, musamman a kan kalmomin da na yi amfani da su. Wanda ya san sunan da makanikan garinsu ke kiran wani abu da ya fi nawa dacewa, ya taimaka mana da shi. Allah ya ƙara mana basira, ya tsare matafiyanmu a duk inda suke.